Tsofaffin Babura Masu Bugu Biyu: Ba Tsufa Ke Kashe Su Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abin da ban taɓa ganin an kawo shi a shafukanku ba, ko da yake ya daɗe a raina.

Ni ba bakanike ba ne. Malamin makaranta ne da ya ajiye alli, kuma abin da nake ɗebe kewa da shi tun kafin in yi ritaya shi ne neman tsofaffin babura masu inji mai bugu biyu, wato irin waɗanda ke ƙona mai tare da fetur, in kwance su kaf, in gyara abin da zai gyaru, in mai da su kan hanya. Ba don sayarwa nake yi ba. Masu tarar da ni a kan aikin sukan ce ɓata lokacina nake, wai injin nan ba shi da ƙarko, ga hayaƙi, kuma da ya yi doguwar tafiya sai ya buga. Maganar hayaƙi akwai gaskiya a cikinta, zan zo kanta. Ta rashin ƙarko kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. A cikin matattun injunan da suka biyo ta hannuna, da wuya ka sami wanda tsufa ya kashe. Ko dai iska ta shiga inda bai kamata ba, ko mai ya kasa isa inda ya kamata, kuma duka biyun sakacin mutum ne. Daga nan sai a jingine babur a bayan ɗaki, ruwa ya doke shi rana ta doke shi, ƙarshe 'yan gwangwan su ɗora shi a kan sikeli. Wannan ne ke ba ni takaici.

Sai mai karatu ya san yadda injin ke aiki zai gane abin da nake nufi. A inji mai bugu huɗu, irin na motoci da yawancin baburan yau, sai fistin ya hau ya sauka sau biyu kafin a yi wuta sau ɗaya, ga bawul-bawul da sarƙar da ke buɗe su, ga wurin da baƙin mai ke kwance yana zagayawa. Mai bugu biyu ba ruwansa da duk wannan. Duk juyi ɗaya na kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, sai fulogi ya ba da wuta. Ƙofofi ne aka huda a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa. Fetur da iskar da suka fito daga kafireta ba sa zarcewa cikin silinda. Sai sun fara sauka cikin akwatin kiranshaf, ƙarƙashin fistin, idan fistin ya sauko ya matse su, sannan su bi hanyoyin gefe su hau sama. Tunda fetur na ratsa wannan akwati, ba yadda za a ajiye baƙin mai a cikinsa. Dole man ya biyo fetur, ya shafi boris da jikin fistin, sannan ya ƙone ya fita. Ke nan rayuwar injin ta rataya ne a kan akwatin nan ya kasance a toshe ruf, kuma mai ya riƙa isowa ba yankewa.

Akwai wani ƙarami mai cc 100, ƙirar shekarun 1970, da ya zo hannuna kik ɗinsa ya ƙi motsi. An haɗo mini shi da wata leda, a cikinta har da tsofaffin fistin da aka yi ta cirewa, kowanne da irin tabon ɗan'uwansa: gefen da ke fuskantar salansa ya goge, gorar ruwan jikinsa ta narke ta like ringi a cikin raminsu. Mai shi na da ya yi ta sauya fistin, inji na ta bugawa, har ya gaji ya haƙura. Da na zare magnito, wato abin da ke samar wa fulogi wuta, na kai ga robar da ke kewaye da kiranshaf, wadda masu gyara ke kira oyil sil, sai na tarar ta bushe ta ƙandare, bakinta ya tsattsage, da na sa farce sai ta ɓantare. Wannan 'yar robar da ba ta cika tafin hannu ba ita ce ta ci duk fistin ɗin da ke cikin ledar. Ta wurinta iska ke kutsawa cikin akwatin, sai iska ta fi fetur yawa, wuta ta yi zafi fiye da kima, fistin ya kumbura ya kama silinda. Da an lura, injin ya daɗe yana faɗin ciwonsa. Idan ka murɗa totur ka saki, ƙara ba ta sauka nan take, sai ta maƙale a sama. Idan ka zare fulogi, maimakon ka ga bakinsa ruwan ƙasa, sai ka gan shi fari tas.

Robar ɗaya gefen, wajen kuloci, nata ciwon daban ne a yawancin ƙananan injunan nan. Idan ta mutu, man giya take zuƙowa, sai babur ya riƙa tuƙa farin hayaƙi mai kauri mai wari, man giya kuma yana raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Shi ya sa duk injin da ya shekara da shekaru a ajiye ba na buga masa kik sai na gwada shi. A toshe bakin kafireta da bakin salansa, a hura iska kaɗan a ciki, kada ta wuce psi 6 a ma'aunin matsin iska, a sa ido kan ma'auni na 'yan mintoci. Idan allura ta sauka, a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ɓarakar take. Kayan gwajin nan mutum zai iya haɗa su da kansa da famfon keke da 'yan robobi, amma na ga masu gyara da yawa da ba su taɓa jin labarinsa ba.

Sai batun mai, wanda a nan ne aka fi yi wa injunan nan kisan mummuƙe. A da, mai babur da kansa yake auna mai ya zuba a tanki ya girgiza. A 1964 kamfanin Yamaha ya fito da famfon mai da ya kira Autolube, wanda ke da nasa ƙaramin tanki, kuma yana ƙara mai ko ragewa gwargwadon gudun inji da yadda aka murɗa totur. Suzuki da Kawasaki su ma suka fito da nasu. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma sai ka ga an sayi tsohon babur, abu na farko da za a yi shi ne a cire famfon a jefar, wai ba a yarda da shi ba. Malam Edita, famfon nan da wuya yake lalacewa. Abin da ke faruwa shi ne tiyo ya tsage, ko iska ta shiga layi, ko wayar da ke jan sa ta saki. Akwai ɗan noti a jikinsa da ake sassautawa har sai mai ya fito ba kumfa, akwai kuma alama da ake daidaitawa da wayar totur, aikin da bai fi ƙarfin kowa ba. Abin da ya fi muni, a wasu manyan injunan Suzuki, irin su T500 da jerin GT, famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf ta nasu hanyoyi. Wanda ya cire shi ya koma zubawa a tanki ya bar boris ɗin nan da ƙishirwa, ko da kuwa hayaƙi na fita ta baya yana ba shi tabbacin ƙarya.

Wanda babur ɗinsa tun asali na gaurayawa ne, to ya auna, kada ya yi da ka. Idan littafin babur ya ce 25:1, mililita 40 ke nan a kowace litar fetur. Idan 50:1 ne, mililita 20. Tsofaffin littattafai sukan ce 20:1 saboda irin man zamaninsu. Kuma man ya zama na 2T da aka yi domin babur, wanda za ka ga an rubuta JASO FC ko FD a jikin robarsa, don su ne masu ƙarancin hayaƙi da toka. Man injin kwale-kwale mai alamar TC-W3 an yi shi ne domin injin da ruwa ke sanyayawa, bai dace da zafin wanda iska ke sanyayawa ba. Tsohon baƙin man da aka juye daga mota kuwa, wallahi zuba shi zalunci ne ga injin da kuma duk wanda ke bayanka a hanya. Wasu na ganin idan sun ninka mai sun yi wa inji gata. Ba haka ba ne: fulogi zai jiƙe, gawayi ya taru a kan fistin da bakin salansa, kuma fetur ɗin da ke wucewa ta jet, wato 'yar ƙofar fetur ta cikin kafireta, ya ragu tunda mai ya cinye masa wuri. Wani abin da ba a cika faɗa ba, mai irin wannan babur idan yana sauka doguwar gangara da giya a ciki, totur a rufe, inji na gudu ne ba tare da isasshen mai ba. Ya riƙa kama kuloci yana ɗan murɗa totur lokaci-lokaci.

Ina kuma roƙon samari su daina huda salansa ko zare hanjinta don neman ƙara. A wannan injin salansa rabin inji ce. Wani injiniya Bajamushe, Walter Kaaden, na kamfanin MZ a tsohuwar Jamus ta Gabas, shi ya nuna wa duniya haka. Ya ƙera bututu mai kumburi a tsakiya da tsukewa a ƙarshe, ta yadda igiyar matsin da ke fita za ta fara zuƙo ƙonannen hayaƙi waje, sannan ta dawo ta tura sabon fetur ɗin da ya biyo shi ya koma cikin silinda kafin fistin ya rufe ƙofa. A 1961 injinsa mai cc 125 ya ba da ƙarfin doki wajen 25, wato 200 a kowace lita, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A shekarar ce direbansa na tsere, Ernst Degner, ya gudu zuwa Jamus ta Yamma bayan gasar ƙasar Suwidin, ya koma Suzuki, kuma a 1962 ya ci kambun duniya na ajin cc 50. Salansar babur ɗin hanya ba ta kai ta tsere ba, amma ita ma an auna ta da injinta, kuma jet ɗin kafireta an zaɓe shi ne daidai da ita. Wanda ya taɓa ɗaya bai taɓa ɗayan ba, fistin ɗinsa ne zai biya. Abin da salansa ke buƙata shi ne a riƙa zare hanjinta ana wanke gawayin da ya toshe ramukan, a mayar.

Da na ambaci tarihi, bari in faɗi dalilin da ya sa nake ganin ƙarafan nan sun fi ƙarfin sikeli. A 1939 kamfanin DKW na garin Zschopau a Jamus ya fito da wani ƙaramin babur, RT 125. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen da suka yi nasara suka kwashi zanensa a matsayin diyya. Ingila ta yi BSA Bantam da shi a 1948, Harley-Davidson ta Amurka ta yi nata mai cc 125 a shekarar, Tarayyar Sobiyet ma ta yi nata. A 1955 wani kamfanin Japan da aka sani da ƙera kayan kiɗa ya kwaikwaye shi ya fitar da babur ɗinsa na farko, YA-1, kuma daga nan Yamaha ta shiga harkar babura. Duk ranar da na buɗe ƙaramin inji na shekarun 1970, jinin wancan zanen nake gani a ciki. Daga baya aka yi manya: Kawasaki H1 mai silinda uku a 1969, Suzuki GT750 mai sanyaya da ruwa a 1971, Yamaha RD350 a 1973. Ga Vespa ta Italiya tun 1946, ga Jawa ta Cekoslobakiya. Amma ni ƙananan nan na cc 100 da 125 sun fi kwanta mini a rai, domin su ne suka ɗauki ma'aikaci da manomi da ɗalibi a faɗin duniya, kuma su ne ba wanda ke tunanin adanawa.

Yanzu hayaƙi. Ba zan kare shi ba. Ko an daidaita injin nan yadda ya kamata, akwai lokacin da ƙofar shiga da ta fita ke buɗe tare, don haka wani kaso na fetur yana fita bai ƙone ba, ga kuma man da ake ƙonawa da gangan. Dokokin tsabtace iska ne suka kore shi daga kasuwa, kuma dokokin suna da hujja. A Amurka sai da Yamaha ta sa wa RZ350 matatar hayaƙi a cikin salansa kafin ta sayar da shi a 1984 da 1985, daga nan ta janye. A Indiya an daina ƙera RX100 a 1996 duk da farin jininsa. A babbar gasar tsere ta duniya, 2001 ce shekarar ƙarshe ta ajin cc 500, wadda Valentino Rossi ya lashe a kan Honda NSR500, daga 2002 masu bugu huɗu suka karɓe fage. Ba ina kira ne a dawo da miliyoyinsu kan titi ba. Abin da nake cewa, 'yan kaɗan ɗin da suka rage a riƙe su da kyau, kuma mu masu sha'awarsu haƙƙin maƙwabta na wuyanmu. Injin da robobinsa ke da lafiya, famfonsa a daidai, man kirki a cikinsa, yakan yi hayaƙi ne da farko idan yana sanyi, da ya ɗumama sai ya koma ɗan siriri. Wanda ke turnuƙe layi ba shi da lafiya, kuma mai shi ba shi da uzuri. Kada a tayar da shi a ɗaki rufe, kada a tsaya ana murɗa shi da asuba a ƙofar mutane.

Game da aikin farfaɗowa kansa, ra'ayina ya saɓa da na wasu abokaina. Su da sun sami babur, fenti suke fara nema. Ni kuwa fenti ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba na yi. Tankin da ke ɗauke da launinsa na asali, ko da ya koɗe, sau ɗaya ake samunsa. Da ka kankare shi ke nan. Cikin tankin ne abin dubawa, don tsatsar da ke ciki ita ke toshe kafireta. Kafin in kwance komai nakan ɗauki hoto da waya, kowane rukunin noti da ledarsa da rubutu a jiki, kuma ba na jefar da tsohon ƙarfe sai na ga sabon ya zauna daidai, domin kayan gyaran da ake bugawa yanzu ba duka ne ke kai na asali ba. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye, waɗanda sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kansu, ƙirar JIS ce, wato ma'aunin masana'antun Japan, sukudireban da aka saba da shi yana cinye musu kai. A nemi nasu. Idan silinda ta goge aka kai ta aka faɗaɗa zuwa fistin na gaba, mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, a tabbata an goge kaifin bakin ƙofofin, in ba haka ba ringi zai maƙale ya karye. Kibiyar da ke kan fistin salansa take kallo. A cikin ramin ringi akwai ɗan ƙaramin tsinke, bakin ringi a kansa yake haɗuwa, wanda ya danna silinda da ƙarfi bai duba wannan ba ya karya sabon ringi tun bai tayar ba. Lokacin wuta kuma da ma'auni ake sa shi, a da yawansu wajen milimita 2 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Idan wuta ta yi sauri, rami take hudawa a tsakiyar fistin. Kuma ko an gama komai, a bar inji ya ɗumama kafin a matsa masa, don fistin ya fi silinda saurin kumbura.

Taya da birki ba a yi musu kara. Tsohuwar taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta mutu. A jikinta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, ado ce kawai. Takalmin birki da ya daɗe, fatar da aka manna masa tana iya ɓallewa ta kulle ƙafa ana cikin tafiya. Waɗannan sababbi nake sawa ko da na ciki suna da kyan gani, da wayoyin birki da na kuloci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Edita, shi ne yaran da ke taruwa a kaina idan ina aiki. A matsayina na wanda ya koyar, ban ga abin koyar da kimiyyar inji da ya kai wannan ba. Noti huɗu za ka kwance, ga kan silinda a hannunka, ga fistin yana kallonka, yaro ya juya da hannunsa ya ga ƙofa ta buɗe ta rufe, ya gane a take abin da zane a allo bai fahimtar da shi ba. Na ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta wanke kafireta ta haɗa, ta buga kik ya tashi, kuma har yau tana tambayata yaushe za a buɗe na gaba. Amma duk abin da zan nuna musu a rubuce da wani harshe yake. Dattawan makanikan da suka yi zamani da injunan nan, waɗanda da jin ƙara kawai za su gaya maka boris ne ko ringi, suna ta tafiya da iliminsu, yaransu kuma sun koma kan sababbin injuna, wanda ba laifinsu ba ne.

Don haka ina roƙon jaridarku ta ware ɗan gurbi, ko da sau ɗaya ne a wata, domin gyaran tsofaffin babura da Hausa, a riƙa zama da irin waɗannan dattawa ana rubuta abin da suka sani, masu karatu kuma su aiko da tambaya. Ina kuma roƙon duk mai irin wannan babur a jingine, kafin ya kira 'yan gwangwan, ya cigita ko akwai mai so. Kafin a samu, ya juye fetur ɗin ciki, ya ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi, ya shigar da shi inuwa. Idan ka amince da gurbin, a shirye nake in fara aiko da bayanin gwajin iska dalla-dalla, tare da hotunan kayan da na haɗa da hannuna.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, mai karanta jaridarku.